Wa Ke Duba Bindigogin da Ke Tsaron Batsari da Safana?

Tun daga lokacin da 'yan fashi suka mai da dajin Rugu mafakarsu, mutanen ƙauyukan da ke bakin dajin, irin su Yasore da Wagini a ƙasar Batsari, da Runka a ƙasar Safana, suka koma dogaro da bindiga a kan abin da a da sanda da kare suke isar musu. An daɗe ana jayayya a majalisu da gidajen rediyo game da wanda ya cancanci ya riƙe bindiga da wanda bai cancanta ba. Amma akwai wata tambaya da ba safai ake yin ta ba, alhali kuwa rayukan mutane sun rataya a kanta, watau wane ne ke duba lafiyar bindigogin da suka riga suka shiga hannun jama'a, wa ke goge su, wa kuma ke ƙidaya su?

Mai karatu zai tuna cewa a cikin watan Agusta na 1971 ba wanda zai yi tsammanin jin shugaba yana kiran talakawa su nemi makami, amma shekara hamsin bayan haka, a Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya shawarci mutanen yankunan da ke fama da hare-hare da su tashi su kare kansu. Wanda ya gaje shi, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, ya bi wata hanya dabam. A watan Oktoba na 2023 ya ƙaddamar da rundunar askarawan tsaron al'umma mai mutum 1,466, waɗanda aka ɗebo daga ƙananan hukumomi takwas na bakin daji, ciki har da Batsari da Safana, aka ba su horo da motoci da babura da makaman da doka ta yarda da su. Ta haka makaman da ke gefen jama'a suka kasu kashi biyu: na gwamnati da ke hannun askarawa, da kuma na gargajiya da ke rataye a ɗakunan maharba da 'yan banga da manoma. Kowane kashi da irin tasa matsalar.

Bari mu fara da bindigar ƙauye, wadda ake kira bindigar toka ko harba-ka-ruga, domin ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi haɗari ga mai ita. Ta baki ake ɗura mata albarushi, kuma albarushi ba ya ƙonewa ƙurmus. Duk harbi ɗaya yana barin baƙin dauɗa mai gishiri-gishiri a cikin bututun, wannan dauɗa kuwa tana jan laima daga iska kamar yadda gishirin miya ke yi da damina. Idan aka bar ta ta kwana biyu, tsatsa ta fara cin ƙarfen daga ciki, inda ido ba ya gani. Mai shi kaɗai ba ya fitar da wannan dauɗa, sai an wanke bututun da ruwan zafi, a tsane shi sarai da tsumma, kana a shafa masa mai kaɗan. Tsofaffin maharba sun san haka tun kaka da kakanni. Sai dai yawancin waɗanda suka ɗauki bindiga a 'yan shekarun nan ba maharba ba ne, manoma ne da samari waɗanda tsoro ya tilasta wa saye, ba su zauna gaban kowa sun koya ba.

Bugu da ƙari, galibin irin waɗannan bindigogi da bututun famfo ko wani ƙarfen mota ake ƙera su, ƙarfen da tun asali ba a yi shi don ya jure wuta ba. In tsatsa ta rage masa kauri, mai shi kuma ya ƙara ɗuri saboda fushi ko firgita, to, bututun ne zai tsage a hannunsa, ya tafi da yatsu ko ido. Haka nan in bakin ya toshe. Laka tana shiga idan aka dogara bindiga a ƙasa da damina, har zanzaro ma yakan yi ɗakinsa a cikin bututun da aka rataye aka manta. Ƙurar hunturu ita ma tana da tata ɓarnar, musamman ga masu labta baƙin man inji suna ganin gata suke yi wa bindiga, alhali man ne ke kama ƙura ya zama kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya hana kunama aiki a daren da ake bukatarta.

A nan ne bambancin da ke tsakanin ɗan fashi da ɗan ƙauye yake ƙara fitowa. Bindigar AK-47 da 'yan fashi suka fi riƙewa, wadda Mikhail Kalashnikov ya tsara a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta yi suna a duniya ne sabili da juriyarta ga ƙura da laka da rashin kulawa. Watau ke nan, wanda ke kawo hari yana riƙe da makamin da ke yafe sakaci, wanda ake kai wa harin kuwa yana riƙe da wanda ba ya yafewa ko kaɗan. Kada kuma a ɗauka cewa wannan matsala ta ƙauyawa ce kurum. Sojojin Amurka da kansu sun ɗanɗana ta a yaƙin Biyetnam, sa'ad da aka raba musu sabuwar bindigar M16 ba tare da isassun kayan gogewa da horo ba, ta riƙa cijewa ana tsakiyar artabu, har majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 1967.

Dangane da doka kuwa, akwai wani ƙulli da ya kamata masu tsara manufofi su dube shi da idon basira. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, da irin na farauta na Turawa, waɗanda ke hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, da kuma na ɗurin baki, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta sai da izini. Manufar tana da kyau, amma ga abin da ta haifar a ƙauye: maƙerin da ya fi kowa sanin ko bututu ya mutu ko yana da sauran rai, a ɓoye yake aikinsa, mai bindiga kuma yana tsoron fito da ita a duba don kada a kama shi. Shugabanni sun ce wa mutum ya kare kansa, doka kuma ba ta buɗe masa ƙofar da zai kai makaminsa a gwada ba. Mu kam a ganinmu, Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida da jihar ta kafa a 2023 tana iya warware wannan tare da rundunar 'yan sanda, ta hanyar yi wa maharba da 'yan banga rajista a gaban hakimai da dagatai, a tantance 'yan maƙera kaɗan a ba su izinin gyara, a buga lamba a kan kowace bindiga da ta ci jarrabawa, wadda ta faɗi kuwa a karɓe ta a lalata.

Makaman gwamnati su ma ba su tsira ba, sai dai tasu cutar ta fi shafar lissafi. A aikin soja da na 'yan sanda, ranar goge bindiga ita ce ranar ƙidaya. Ma'ajin makamai yana karɓar kowace ɗaya, ya duba lambarta a littafi, ya leƙa bututunta, ya ƙirga harsashin da aka fita da shi da wanda aka dawo da shi. Inda aka daina gogewa, ba a jimawa ake daina ƙirgawa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa ya zuwa Disamban 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Idan rundunar da ke da ma'ajiyoyi da ƙwararrun ma'aikata tun zamanin Turawa ta faɗa cikin wannan hali, to, sabuwar rundunar da aka baza a ƙauyuka masu nisa da hedkwata ta fi bukatar a sa mata ido tun da wuri. Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi sun san cewa sayen mota da makami shi ne ke jawo biki da hotuna. Kuɗin mai da tsumma da burushi da albashin ma'ajin makamai ƙanana ne, su ne kuma ake fara yankewa idan aljihu ya yi sanyi. Ya dace a ware musu layinsu na kansu a kasafi, kuma Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021 ta riƙa samun kwafin rajistar.

Sulhun da aka ƙulla da wasu jagororin 'yan daji a Batsari da Safana da Jibiya a cikin 2025 bai rage muhimmancin wannan batu ba. Jama'ar yankin sun ga sulhun 2016 da na 2019 sun warware, don haka ba wanda zai yar da bindigarsa da sauri. Abin da yakan faru idan hankali ya ɗan kwanta shi ne a rataye ta a bayan ƙofa da ɗurinta a ciki, wata da watanni, a ɗakin da yara ke shiga. Albarushin da ya sha laima yakan yi jinkirin tashi, mai harbi ya zaci ta ƙi, ya juyo bakin ya leƙa. Shi ya sa abu na farko da ake koya wa kowane kurtu shi ne ya tabbata babu komai a cikin bindiga kafin ya taɓa ta da tsumma, kuma kada ya nuna bakinta ga mutum ko da ya rantse ba ɗuri. Ga bindigar toka, maharba sukan yi alama a jikin ƙarfen ɗuri, su zura shi a bututu, in alamar ba ta kai bakin ba sun san akwai abu a ciki.

Wannan ilmi ba ya bukatar kwangila ko baƙon masani. Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana suna da sarakunan maharba a ƙarƙashinsu, ofisoshin 'yan sanda na ƙananan hukumomin biyu kuma suna da masu kula da makamai. Ana iya haɗa su sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da kuma farkon hunturu, su zagaya gundumomi ɗaya bayan ɗaya, a fara da ƙauyukan bakin daji irin su Yasore.