Shekara Ashirin ta “Ɗan Garinmu Ne”

Duk wanda ya bi hanya daga Talata Mafara zuwa Bakura, ya karkata ta Maradun har ya kai Damaga, ya taka ƙasar da ta fi kowace fitar da gwamnoni a jihar Zamfara. Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. Alhaji Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya riƙe daga 2011 zuwa 2019, sannan Alhaji Bello Matawalle na Maradun ya karɓa har 2023. Wato cikin shekara 24 na farkon wannan jamhuriya, 20 a hannun 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna suke. Don haka idan akwai mutanen da suka cancanci a tambaye su amfanin zaɓen mutum don kawai ɗan gari ne, to su ne.

Ba mu ɗauki alƙalami don yi wa kowa hukunci ba. Da mai jefa ƙuri'a muke magana. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Farkon Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, har ta kai aka rufe layukan waya da kasuwannin mako-mako. Ƙananan hukumomi ukun nan dai, a shekara guda. Ɗan bindiga bai tsaya tambayar garin su gwamna ba. Manomin da ke maƙwabtaka da dam ɗin Bakalori, wanda kakanninsa suka rasa gonaki har aka zubar da jininsu a 1980 kan neman diyya, shi ne kuma aka wayi gari yana tsoron zuwa gonarsa.

Lallai ƙuri'a shaida ce. Wanda ya dangwala yatsa ya shaida cewa wane ya isa a damƙa masa rayuka da dukiyar jama'a. To ina matsayin shaidar da aka saya da taliya da sabulu da turmin atamfa? Ba mu jahilci halin talauci ba, kuma ba mu ga dacewar mai ƙoshi ya zagi bazawarar da ta karɓi abin da za ta ciyar da marayunta ba. Laifin da ya fi girma yana kan mai rabon, da wanda ya hau mumbari ko ya zauna a zaure ya halasta masa. Amma tausayi ba ya sauya lissafi: abin da aka karɓa ba ya wuce mako, wa'adin kuwa shekara huɗu ne.

Akwai kuma abin da ya faru a 2019, wanda bai kamata a manta ba. Jama'a sun fita sun sha rana a layi, ɗan takarar APC, Mukhtar Shehu Idris, ya sami ƙuri'a sama da dubu 500, na PDP bai kai dubu 200 ba. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, saboda haka ƙuri'unta duk sun tafi a banza. Rikicin manya ne, tsakanin ɓangaren gwamna Yari da na su Sanata Kabiru Marafa, amma gumin talaka ne ya zube. Bayan shekara biyu wanda kotu ta bai wa kujerar ya koma APC ɗin. A 2023 ma sai da sakamakon Maradun ya kai gaban kotu, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Dauda Lawal nasararsa a Janairun 2024.

Wannan yana nuna cewa wanda ya jira ranar zaɓe ya makara. A matakin mazaɓa ake zaɓen shugabannin jam'iyya, kuma nan ne mutanen kirki suka fi ƙauracewa, suna cewa siyasa ƙazanta ce, suka bar fili ga 'yan jagaliya. Daga baya su ne masu kukan babu na zaɓa.

Zaɓen 2027 na tafe, masu neman kujera za su sake shigowa Damaga da jerin motoci da maroƙa. Muna kira ga dattawa da malamai da matasan kowace mazaɓa su zauna tun yanzu su rubuta bukatunsu: tsaron hanyar gona, ruwan noman rani, malaman makaranta, magani a asibiti. Duk wanda ya zo, a zaunar da shi a bainar jama'a, a karanta masa, a tambaye shi abin da ya yi a kujerar da ya taɓa riƙewa, a kuma rubuta amsarsa da kwanan wata a ajiye wurin limami da mai unguwa.