Bakin Buhu Da Gindin Buhu

 Yau zancena a kan ilmin ƙididdiga ne, wanda na shiga koyo da furfurata.

Da can, in mutanenmu suka hangi mai ƙidaya, sai a ɓoye samari da shanu don tsoron haraji da jangali. Gardamar ƙidaya kuwa ta daɗe a ƙasar nan: an soke ta 1962, aka sake a 1963, ta 1973 ma aka soke. Ta 2006 ta sami mutum 156,413 a ƙasar Shagari, 175,406 a ƙasar Bodinga, wadda aka shirya a 2023 kuwa aka ɗage. To, tun da ba kullum a ke ƙirga kowa ba, tilas a ɗebi kaɗan a auna sauran da su. Shi ne samfuri.

Ga inda na yi tuntuɓe. Malaminmu ya ce in gano yawan geron da manoman Shagari suka samu. Na zauna a bakin hanyar Sakkwato, na tambayi mutum goma da na sani, na kai masa ina murna. Ya ce, "Malam, in za ka sayi gero, bakin buhu kaɗai ka ke dubawa?" Na ce, "A'a, ina tura hannu har gindi." Ya ce, "To, ina mutanen ƙauyukan nesa?" Kunya ta rufe ni. Maganin abin, a rubuta sunayen magidanta duka, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa a je masa, ko da gidansa na bayan fadama.

Na biyu, matsakaici. A ce manoma biyar: ɗaya ya sami dami 8, biyu 10-10, ɗaya 12, attajirinsu 160. Jimla 200, a raba biyar, kowa 40. Wanda ya karanta wannan a ofis sai ya ce gari ya ƙoshi, alhali huɗu ba su da abin kaiwa bazara. Amma in aka jera su daga ƙarami zuwa babba, aka ɗauki na tsakiya, sai a sami 10, shi ne ya fi kusa da gaskiya.

Jama'a, da irin waɗannan alkaluma a kan raba taki, da magani, da malamai. Saboda haka in mai tambaya ya zo, ku faɗa masa gaskiya, kada ku ƙara, kada ku rage. In kuwa an karanta muku lissafi, ku tambaya: wa aka ƙirga, wa aka bari? Ku kuma 'yan makaranta, kada ku guji wannan ilmi, gama wanda ya iya awo ba a cutarsa a kasuwa.

Haza wasalam. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku,
Tsohon Ɗalibi, Shagari.