Kafin ka tura kuɗin waccan "tsohuwar" jita, duba wuyanta

Idan kana cikin masu kwana a Facebook da TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin tallar nan ba: jitar lantarki jingine da bango, fentinta ya ɗan koɗe, a ƙasa an rubuta cewa asalin Fender ce 'yar Amurka, ta girmi mai ita, tafiya ce ta kama shi shi ya sa zai karyar. Kai kuma kana Dutsinma ko Kurfi, ka daɗe kana mafarkin koyon kiɗa, ga 'yan kuɗin da ka tara a waya. Ko kuma sha'awarka ba ta kiɗa ba ce, ka ji an ce tsohuwar jita dukiya ce, kana so ka saya ka juya.

To tsaya tukuna. Sha'awar ba laifi ba ce, kuma jita ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake zagaya Turai da Amurka da jitarsa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta katin waya waƙoƙinsa suka fara yawo hannu da hannu. Amma ra'ayinmu a wannan shafi shi ne: duk wanda ya tura kuɗi a kan hoto da labarin mai sayarwa kawai, cinikin biri a sama ya yi.

Gaskiya ne akwai jitar da ta fi gidan sama tsada. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour an yi gwanjonta a 2019 a kan kusan dala miliyan huɗu. Sai dai sunan mai ita aka saya, ba katakon ba. Waɗanda masu tara kayan tarihi ke rububi kuwa 'yan kaɗan ne: Les Paul ta Gibson ta ƙarshen shekarun 1950, da Fender da aka ƙera kafin kamfanin CBS ya sayi masana'antar a 1965. Yawancin abin da ke shigo mana ta hanyar Legas da Kwatano cikin kayan gwanjo jitocin 'yan koyo ne, ƙirar Sin ko Indunusiya ko Koriya. Ba su da aibi, wasunsu ma sun fi daɗin hannu. Amma shekara ashirin ba ta ƙara musu ko kwabo, ragewa take yi. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma sai in tun farko zuma ce.

Yadda ba ka sayen babur sai ka duba lambar inji, haka jita take da tata lambar, galibi a kanta, inda ake ɗaure tsirkiya, ta gaba ko ta baya. Ka ce a ɗauko maka hotonta kusa-kusa, ba dishi-dishi ba. A Fender 'yar Amurka, tun daga 1976 harafin farko ne ke nuna zamani: S shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, sannan adadin da ke biye ya nuna shekarar. Daga 2010 aka koma rubuta US da adadi biyu na shekara. In ka ga MN ko MZ ko MX, wannan ƙirar Meziko ce. Fender ce ta gaske, amma kuɗinta bai kama ƙafar na 'yar Amurka ba. Saboda haka mutumin da ya rantse maka cewa tasa ta 1974 ce, alhali lambarta ta fara da MZ, ko dai bai san kayansa ba, ko kuma ya san abin da yake yi. In kuma ka ga Squier a rubuce, ko da an ƙara sunan Fender ƙanana a gefe, ƙanwa ce mai araha wadda kamfanin ya fito da ita a 1982. Haka Epiphone take a wajen Gibson.

Ita Gibson buga lambarta ake yi a cikin katakon bayan kai. Daga 1977, tsawon shekara talatin da 'yan kai, adadi na farko da na biyar su ne shekara, ukun da ke tsakaninsu kuma ranar da aka buga a cikin shekarar. Lamba kamar 82345501 na nufin 1985, rana ta 234, wato cikin Agusta.

Sai dai fa lamba ita ce abin da ya fi sauƙin kwaikwayo. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. In har a ƙasar da ake ƙera ta ana yi wa mutane haka, ina ga kai da za a sako wa kaya a motar haya? Don haka sai ka nemi shaida ta biyu. Dubi ɗan murfin nan mai siffar ƙararrawa da ke kan Gibson: na asali kusoshi biyu gare shi, jabu da yawa uku suke sawa. Les Paul ta Gibson manna wuyanta ake yi da gam, in ka ga an ɗaure shi da kusoshi ta baya, ja da baya. Fender kuwa ana iya kwance wuyanta, kuma a gindinsa sau da yawa akwai kwanan wata da aka rubuta ko aka buga tun a masana'anta. Ƙarƙashin mamurɗan ƙara sauti ma akwai 'yan na'urori masu tasu lambar: in ta fara da 137, kamfanin CTS ne ya yi, adadi biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. 1377842 na nufin mako na 42 na 1978. Jita ba za ta girmi kayan cikinta ba, sai dai in an canza su, canjin kuma shi kansa yana rage kuɗi. Mai sayarwar da ya ƙi yarda mai gyara ya buɗe a gabansa ya riga ya ba ka amsa.

Sannan ga hunturunmu. Katako ba ya son bushewar iskar Katsina: wuya yana lanƙwasa, 'yan ƙarafan da aka jera a kansa su fito ta gefe su riƙa kartar hannu. Ɗaga jitar ka hango tsawon wuyan kamar mai duba miƙewar gora. Ɗan lanƙwasa ana gyara shi da sandar ƙarfen da ke ciki, in tana aiki. Wanda ya murɗe kuwa, bar musu kayansu. Jona ta da amfilifaya ka murɗa komai, ka saurara ko akwai ƙara ko ɗaukewar sauti. Kuma kada ƙyalli ya ruɗe ka: a wajen masu sayen tsofaffin jita, sabon fenti kan zaftare kusan rabin daraja, haka ma kan da ya taɓa karyewa aka liƙe.

Wannan ya shafe ki ke ma da kika tsinci tsohuwar jitar kawu a bayan gado. Kada ki kai ta wajen mai fenti don ta yi kyau a hoto, kada kuma ki sallama wa ɗan jari-bola kafin ki karanta lambar.

Batun farashi, kada ka dubi abin da mutane ke nema a Jiji, kowa yana iya rubuta abin da ransa ke so. Shiga Reverb ka nemi abin da aka biya a zahiri a kan irin wannan ƙirar, ta wannan shekarar. Bayan nan ka sauko ƙasa, domin dalar da ka gani ta kasuwar da masu saye suka yi yawa ce. A Dutsinma, ko da ɗaliban Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Isa Kaita, mutum nawa ne za su zaro maƙudan kuɗi su sayi jita? Mai sayenka yana Sabon Garin Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko Alaba a Legas. Cire kuɗin mota, cire la'adar dillali, cire gyara da sabuwar tsirkiya, cire watannin da za ta yi kwantai. Abin da ya rage shi ne darajarta a hannunka, daga nan za ka fara tayi.

Ka kuma tambayi inda ta fito. Ana satar kayan kiɗa daga situdiyo da coci-coci, kuma lambar nan da ta faɗa maka shekarun jitar ita mai kayan zai nuna wa 'yan sanda. In babu tsohon rasit, ku rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar, da sunan mai sayarwa, da sa hannun shaidu biyu.