Agogo a Idon Kyamara: Haske Shi Ne Shaida

Cinikin agogo ya koma cikin waya. Daga Nima ta Akara zuwa zangon Kumasi, 'yan'uwanmu da suka saba baje haja a tire yanzu hoto suke turawa ta WhatsApp da Facebook, mai saye ya biya tun bai riƙe kayan a hannu ba. Hoton ya maye gurbin idon mai saye, don haka ya zama amana a wuyanmu.

Da yawanmu muna ɗora laifin mummunan hoto a kan arhar waya. Mu a ganinmu matsalar ta haske ce. Agogo gilashi ne da gogaggen ƙarfe, madubi ne ƙarami, duk abin da ya fuskanta sai ya dawo da shi. Shi ya sa filasha ke barin farin tabo a tsakar fuska, ya rufe lambobi da sunan kamfani. A kashe ta. A zauna kusa da taga inda rana ba ta bugowa kai tsaye, a rataya farin ƙyalle tsakanin tagar da agogon, hasken zai bazu ya yi laushi. A ɗaya gefen a jingina farin kwali domin ya cike inuwa. In har ƙyalli ya rage a gilashin, a karkata agogon kaɗan sai ya gushe.

Kyamara kuma ba ta son a cusa mata abu a ido. Idan an matso ƙwarai, wurin da ke fitowa tangaram siriri ne: fuska ta fito, maɗauri ya dushe, inuwar wayar ta faɗo a kai. Gara a ja da baya kamar taƙi guda, a jawo hoton ninki 2, a kafa wayar a kan abu mai ƙarfi, a saita ta ɗauka da kanta bayan sakan 3 don kada hannu ya girgiza ta. Kafin nan a goge gilashin, domin ƙurar da ido bai gani ba kyamara za ta gan ta. A tsayar da hannayen a 10:10 kamar yadda manyan kamfanoni ke yi a tallarsu, saboda sunan da ke ƙarƙashin 12 ya fito sarari.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Lallausan hasken nan da ke ƙawata agogo shi ne kuma ke ɓoye ƙarzuwa. Seiko 5, wanda aka fara ƙerawa a 1963, ko Casio F-91W na 1989, na hannu zai iya fitowa kamar sabo fil. Wani zai ce ai kowane ɗan kasuwa kyakkyawan gefen hajarsa yake nunawa. Gaskiya ne, amma nuna kyau daban, rufe aibi daban. Na biyun ha'inci ne.

Shawararmu ita ce kowane agogo ya samu hoto uku: fuska cikin lallausan haske, baya inda lambar ƙira take, sai na uku da haske mai kaifi daga gefe, wanda ke tona kowane ƙarce. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasashen nan, kuma abin da ɗayanmu ya yi a kasuwa da sunan dukanmu ake faɗarsa. Ribar agogo ɗaya ba ta kai darajar wannan suna ba.