Kafin ka yi mafarkin babbar manhaja, fara haɗa agogon da ya san Daura

In ka ce wa matashi ya zauna ya rubuta agogo da kansa, amsar da za ka fara ji ita ce: "To ba ga shi a wayata ba?" Gaskiya ne, akwai. Amma a ganina, babu aikin da ya fi dacewa mai koyon rubuta manhaja ya fara da shi kamar ɗan agogon da zai zauna a fuskar kwamfuta. Dalilina kuwa yana nan cikin Daura.

Duba wayarka. Lokacin da take nunawa shi ne na mutumin Legas, domin duk Najeriya agogo ɗaya take bi. Sai dai rana ba ruwanta da wannan. Daura tana gabas da Legas da kusan digiri 5, kowane digiri kuma minti 4 ne, don haka rana na yin tsaka a nan kusan minti 20 kafin can. Shi ya sa manhajar lokutan salla da aka saita a kan wani gari take rikita mai ita. Haka ma kwanan watan Musulunci: manhajoji da yawa lissafin Saudiyya suke bi, mu kuwa sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, wani lokacin har a samu bambancin kwana ɗaya.

Agogon da ka rubuta da hannunka, kai ne mai iko da shi. Kana iya sa masa wurin ƙara kwana ko ragewa idan an ga wata. Kana iya sa shi ya rubuta Laraba ko Alhamis da Hausa, ya tuna maka ranar Lahadi cewa yau kasuwar Mai'adua ke ci, ko ya nuna lokacin Makka, wanda ya riga namu da awa 2, don ka san sa'ar da za ka kira Hajiya in ta tafi Umara.

Kuma aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kyauta ne. A cikinsa akwai datetime mai karanto lokaci, da tkinter mai zana ɗan akwati a fuskar kwamfuta. Sai ka umarci akwatin ya sabunta rubutunsa duk bayan daƙiƙa ɗaya, ka zaɓi launi da girman haruffa. Agogon farko ba zai kai layi 30 ba. Kwanan watan Hijira ne zai buƙaci ƙarin lissafi, wannan kuma aikin mako na biyu ne.

Za ka yi kuskure, kuma a nan ribar take. Python daga sifili yake ƙirga ranaku, kuma da Litinin yake farawa. In ka jera sunayen ka fara da Lahadi, ranar Litinin agogonka zai rantse maka cewa Lahadi ce. Ranar da ka gano dalili da kanka, ka koyi abin da bidiyo goma ba za su koya maka ba.

Wani zai ce ba shi da kwamfuta. Manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python a wayar Android, kuma bayan ka sauke ta, wannan aikin ba ya cin data. Wani kuma zai ce ChatGPT zai rubuta masa a minti ɗaya. Zai rubuta, amma in agogon ya nuna ranar da ba ita ba, wa zai gyara? Wanda bai taɓa karanta layi ɗaya ba sai dai ya zuba ido.

Yau Daura tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Gine-gine sun samu. Abin da ya rage shi ne matasan da suka saba gyara abu da hannunsu, ba masu jiran wani a Amurka ko Indiya ya tuna da harshensu ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Wannan Asabar ɗin, rage awa biyu daga TikTok, ka sa allonka ya gaya maka ƙarfe nawa da Hausa.