A Ƙyale Ciyawar Tsakar Gida Ta Jira Damina

Da zarar hunturu ya ja jiki a ƙarshen Fabrairu, hazo ya washe, sai a fara ganin tiyo a sababbin gidajen Gashuwa da Nguru. Maigida ya dubi 'yar ciyawar da aka dasa masa bara a gaban baranda, ya ga ta bushe ta koma ruwan ƙasa, hankalinsa ya tashi. Sai a tayar da janareta, a saki ruwan burtsatse safe da yamma, wani ma har ya sayo mudun yuriya ya watsa a kai. Galibi a waya aka ga dabarar: Bature tsaye a bayan gidansa cikin watan Maris, yana koya wa mutane yadda ake farfaɗo da ciyawa bayan sanyi.

Baturen da gaskiyarsa, don a kan ƙasarsu yake magana. A Ingila ko Jamus idan sanyi ya wuce ƙasa a jiƙe take, rana ba ta da kaifi, ruwan sama kuma bai cika yin nisa ba. Mu abin da ke bin bayan hunturu bazara ce, wata uku da zafi ke haura digiri 40 ko a inuwa. Ruwan shekararmu, wanda a yawancin shekaru bai wuce milimita 400 zuwa 600 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Wanda ya ce sai ciyawarsa ta yi kore a watan Afrilu a Gashuwa, da rana yake kokawa, kuma da ruwan unguwa yake biyan kuɗin kokawar.

Ga lissafin da nake yi wa duk wanda ya tambaye ni. A tsakiyar bazara, rana da iska suna ɗauke ruwan da ya kai milimita 7 a yini daga filin ciyawa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 ke nan zai sha lita 700 kullum, jarka 28 mai lita 25, fiye da kura biyu ta 'yan garuwa. Ƙasarmu kuma rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, wani kason ma zurarewa yake yi ya wuce saiwa. A wannan lokacin ne kuma ake ganin layin yara da jarkoki a bakin famfo.

Ruwan da burtsatse ke zuƙowa yana da asali. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, wadda ke malale fadamu kafin ruwan ya wuce ta Gashuwa a Komadugu Yobe, ita ce ke ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar ta sauya hali. Wasu fadamun sun daina samun ruwa, wasu kuma ruwan ya zauna musu shekara cur, kachalla ta cinye hanyar ruwan Marma da bakin tafkin Nguru, ta zama masaukin jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Manomin Nguru ya san masifar ciyawar da ta samu ruwa a lokacin da bai dace ba, ba sai an ba shi labari ba.

Abin da masu tiyo ba su lura da shi ba shi ne, idan ƙiri-ƙiri ce aka dasa, ba ta mutu ba. Ganyen ne ya bushe. A tona da ɗan yatsa a ciro jijiya ɗaya a karya: in cikinta fari ne da ɗan danshi, tana da rai, jira take. Haka take yi a gefen fadama kowace shekara, shanu su tattake ta, rana ta ƙona ta, ruwa na sauka ta miƙe. Irinta ce ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi, amma mu sai mu tsallake ta a bakin kogi mu aika Kano ko Abuja a sayo mana mai faffaɗan ganye, wadda ba ta jure ƙishi. Manoman Maraɗi sun koyi irin wannan darasi a kan bishiya tun shekarun 1980, da suka gane kututturan da ke gonakinsu suna da rai a ƙasa, suka daina sare tohonsu. Yanzu miliyoyin kadada a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa ba tare da dashe ba.

Aikin bazara kuwa na tanadi ne, kuma ba ya cin ruwa. A bi filin a tsince karangiya da tsidau tun ba su ƙara zubar da iri ba. A soka ƙasar da tsinken ƙarfe a wuraren da ƙafa ta daddaɓe. A nemo takin awaki da tumaki wanda ya shekara ya ruɓe, a barbaɗa sama-sama. Ɗanyen taki iri-irin ciyawar daji yake kawowa, ya kuma gayyato gara. A rufa da ɓuntun shinkafa, wanda a Gashuwa tuli yake a bayan injinan casa, ko ɓawon gyaɗa, ko busasshen ganyen da muke sharewa mu cinna wa wuta kowace safiya. Takin zamani a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake yi, a ajiye shi. In ana son saiwar ta ɗan samu sa'ida, ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi sun isa, a zuba bayan magariba. Ban da ruwan wanki, don ƙasarmu da ma ba ta rasa kanwa.

Kada kuma ruwan farko ya ruɗi kowa. Sau da yawa ana yin sa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sai sama ta ɗauke ƙafa mako biyu ko uku. Sai damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sannan a je gefen fadama da fartanya a ɗebo jijiyoyin ƙiri-ƙiri a cike gurbin da ya mutu, taƙi ɗaya tsakanin dashe da dashe. Kafin Agusta ta ƙare filin ya haɗe. A kewaye da darni ko ƙaya saboda awaki, a riƙa yanka da lauje, abin da aka yanka a zuba wa rago.

Na san akwai masu ganin duk wannan aikin banza ne, kuma ba na raina hujjarsu. Yayar mahaifiyata, da ta ga ina auna fili a tsakar gida, cewa ta yi, "Kai ɗan nan, ciyawa ta daji ce. Ina za mu shanya kuka da kuɓewa? Sauro da kunama za ka tara mana?" Na ce, "Iya, gefen katanga kaɗai, inda ba a shanya." Ta ce, "To, in na ga maciji kai za a taso." Tana da gaskiya. Sharar tsakar gida fes da iyayenmu ke yi tana da dalili: komai ya ratso ana ganin sawunsa. Shi ya sa nake cewa ciyawar ta zama 'yar kaɗan, gajeriya, inda yara za su zauna da yamma, sauran fili a bar wa turmi da tabarma. Kuma bishiya ta riga ciyawar shiga gidan. Maina ɗaya ko kurna a yammacin fili za ta tare zafin la'asar, ciyawar da ke gefen inuwarta ta fi daɗewa da kore.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne masu shafe gida kaf da siminti da intalok. Da dare a watan Afrilu daɓen yana amayar da zafin da ya sha tun safe, a shimfiɗa tabarma a kasa barci. Da damina kuma ruwan da ya kamata ya nutse sai ya kwarara lungu, ya haɗu da na maƙwabta. Gari irin Gashuwa da ya sha ambaliya a 2022 bai kamata ya riƙa toshe wa ruwa hanyar shiga ƙasa ba.

A jihar Nebada ta Amurka, inda birnin Las Vegas yake cikin hamada, an kafa doka a 2021 da za ta hana shayar da ciyawar ado a gaban ofisoshi da gefen tituna da ruwan kogin Kolorado daga 2027. Mu ba sai mun jira doka ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da kwalejin ilimi, da sakatariyoyin ƙananan hukumomin Bade da Nguru, su ne wuraren da masu gini ke kwaikwayo. Su ware fili guda a bakin ƙofa, su dasa ƙiri-ƙiri da maina da daƙwara a Yuli, su rufe famfo daga Nuwamba, su bar mutane su ga filin a bushe cikin Afrilu, su kuma dawo su gan shi a Agusta.