Kada a yi wa kumbon Boeing jana'iza tukuna

Tun da Butch Wilmore da Suni Williams suka dawo duniya a watan Maris na 2025, kamfanin Boeing ya zama abin ba'a. 'Yan sama jannatin sun tafi tashar sararin samaniya a kumbon Starliner na Boeing da niyyar yin kamar kwana 8, sai ga shi sun kwashe kwana 286. A ƙarshe ma kumbon SpaceX, kamfanin Elon Musk, ne ya ɗauko su. Mutane da yawa na cewa a rufe shirin a huta. Ni ban yarda ba, kuma ba wai ina wanke Boeing ba ne.

Wanki ma ta ina? A 2014 hukumar NASA ta ba Boeing kwangilar dala biliyan 4.2, ta ba SpaceX biliyan 2.6, kowa ya ƙera kumbon jigilar mutane. A lokacin Boeing ne babban yaya, shi ya ƙera ɓangaren farko na rokar da ta kai Amurkawa duniyar wata. Amma SpaceX ya ɗauki mutane tun a 2020, shi kuwa yayan yana ta tuntuɓe. A gwajin Disambar 2019 agogon kumbon ya kuskure da awa 11, ya ƙone mansa a banza, bai isa tashar ba. A 2021 bawul 13 suka cije. A 2023 aka gano tef ɗin da aka naɗe wayoyi da shi yana iya kamawa da wuta. Da aka ɗora mutane a Yunin 2024, iskar hiliyam ta dinga yoyo, biyar daga cikin ƙananan injina 28 masu juya akalar kumbon suka mutu ana dab da isa tashar. Wannan sakaci ne, ba ƙaddara ba, kuma kamfanin da jiragensa 737 MAX biyu suka hallaka mutum 346 ba shi da bakin cewa an matsa masa.

To me ya sa nake cewa a bar shi? Duk wanda ya taɓa kwana a tashar ƙauyen da mota ɗaya ke zuwa ya san direban nan sarki ne: shi ke yanka kuɗi, shi ke faɗin lokacin tashi. Amurka ta ɗanɗana haka. Daga 2011, da ta ajiye tsofaffin jiragenta na sararin samaniya, har zuwa 2020, ba ta da hanyar kai mutum sama sai a kumbon Soyuz na Rasha, inda kujera ɗaya ta kai ga haura dala miliyan 80. Don gudun haka aka raba kwangilar biyu.

Yanzu motar ta koma hannun mutum ɗaya. A Yunin 2025, da suka yi cacar baki da Shugaba Trump, Musk ya fito fili ya ce zai fara janye kumbonsa na Dragon daga aiki. Ya lashe amansa cikin 'yan sa'o'i, amma dai kowa ya ji.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda masu dariya ke tsallakewa. An yanke farashin kwangilar tun farko, don haka asarar fiye da dala biliyan 2 da jinkirin ya jawo, daga aljihun Boeing ta fita, ba daga na mai biyan haraji ba. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai.

Lokaci dai ya ƙure, domin ana shirin sallamar tashar a wajajen 2030. Ra'ayina shi ne Starliner ya yi ta dakon kaya har injinansa su nuna sun warke, sannan a sake ba shi amanar rai. NASA ta yi daidai da ta dawo da shi ba kowa a ciki a Satumbar 2024, amma za ta yi kuskure babba idan ta bar wa Musk hanyar shi kaɗai.